RAID ya ƙi haɗuwa bayan an kunna saba: tambayoyin da ake yawan kawo mini a Nima

Wannan shafi na masu riƙe da sabar Linux ne a ƙananan wurare: shagon buga takardu, sutudiyon hoto, makaranta, kantin magani, ofishin masu shirya tafiyar hajji da umara. RAID shi ne haɗa fayafai da yawa su yi aiki kamar faifai ɗaya, galibi don in ɗaya ya mutu bayanai su tsira. Galibin waɗanda nake gani a Nima, Maamobi, Newtown da Madina Zango a nan Accra fayafai biyu zuwa huɗu ne aka haɗa da mdadm, manhajar Linux mai wannan aiki, babu katin RAID. Na tara tambayoyin da yara masu koyon aiki da masu shaguna suke maimaita mini. Umarnin da na kawo na Debian da Ubuntu ne, kuma da ikon root, wato mai cikakken iko a sabar, ake ba da su. Duk inda ka ga sdb1 ko md0 misali ne, ka sa sunan naka.

Masta, an ɗauke wuta, da aka kawo sai sabar ta tsaya a baƙin allo. Shi ke nan bayananmu sun tafi?

Da wuya. Kwantar da hankalinka tukuna. Galibi fayilolin suna nan daram a kan fayafan. Abin da ya faru shi ne mdadm ya duba fayafan, ya ga bakinsu bai zo ɗaya ba, sai ya ƙi ɗaure su wuri guda har mutum ya zo ya yanke hukunci. Da gangan aka gina shi haka, don haɗa fayafan da ba su daidaita ba ya fi barinsu a warwatse haɗari.

Kowane faifai da ke cikin haɗin yana ɗauke da ɗan tambari, wanda mdadm ke kira superblock. A tsarin 1.2, wanda shi ake samu in ba a zaɓi wani ba, tambarin yana zaune ne kilobayit 4 daga farkon faifan ko yankinsa. A ciki aka rubuta lambar haɗin, matakin RAID, yawan fayafai, gurbin wannan faifan a cikinsu, da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Lokacin tashi Linux na karanta tambarin kowanne yana jera su. In ɗaya bai iso ba, ko ya iso da tsohon labari, ko fayil ɗin saiti ya faɗi wani abu dabam, sai a tsaya cak.

Ɓarnar da na fi gani tana faruwa ne bayan an kawo wutar, lokacin da mai shago ke tsaye a kan mutum, kwastomomi na jira a waje, yaro kuma yana kwaso umarni daga intanet yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan awar ita nake so ka tsallake lafiya.

To me zan fara yi?

Karatu. Kada ka ba da umarni ko ɗaya da ke rubutu a kan faifai sai ka gama karanta halin da ake ciki, ka kuma ajiye abin da ka karanta a wani wuri dabam. Hoto da waya ma ya isa, ka tura wa kanka a WhatsApp don kada ya ɓace.

Fara da allon da ke gabanka. In ka ga BusyBox da kalmar initramfs a farkon layi, da saƙo irin "Gave up waiting for root file system device", to Linux ɗin kansa a kan haɗin yake zaune, kuma bai same shi ba. In kuwa ka ga "A start job is running" yana ƙirga har daƙiƙa 90, sannan ya jefa ka emergency mode, to tsarin ya tashi, wurin ajiyar bayanai ne kawai ya ƙi zuwa. Na biyun ya fi sauƙi, don kayan aikinka duk suna hannu. A na farkon gara ka tashi da filashi mai ɗauke da SystemRescue, da mdadm a cikinsa. Filashin Ubuntu na tebur sai ka sauko da mdadm tukuna.

Sai ka bi waɗannan, kana ɗaukar hoton kowanne:

`cat /proc/mdstat`

`lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL`

`mdadm --examine /dev/sdb1`, haka ga kowane faifai na haɗin

`smartctl -a /dev/sdb`, shi ma ga kowanne

`dmesg | grep -iE "md|ata"`

Babu ɗaya a cikinsu da ke canza komai. Ka kula da lambar SERIAL sosai. Sunaye irin sdb da sdc ba na dindindin ba ne; wanda ya riga amsawa lokacin tashi shi ke karɓar harafin farko, kuma filashin da ka soka ma yana iya ture su gaba. Ka rubuta lambar kowane faifai a takardar manne, ka liƙa a gefen da ido ke gani. Ranar da za a zare wanda ya mutu, wannan takardar ce za ta hana a zare mai rai.

Yaya ake karanta abin da /proc/mdstat ya nuna?

Duba ƙarshen layi. `[UU]` na nufin fayafai biyu, duka suna aiki. `[U_]` ɗaya ya fita, haɗin yana tafiya da ƙafa ɗaya. Harafin F a gefen sunan faifai, an yanke masa hukuncin lalacewa. In ka ga `inactive` kuma kowane faifai da harafin S a gefensa, kada gabanka ya faɗi ka ɗauka duk sun koma safaya. Haka yake nuna su idan an tattaro su amma ba a tayar da haɗin ba. `auto-read-only` da `resync=PENDING` su ma ba ciwo ba ne, jira yake a yi rubutu na farko ya ci gaba.

Na ga Events a kowane faifai da lamba dabam. Mene ne shi?

Nan ne zuciyar aikin, don haka bari in tsaya a kai.

Duk lokacin da yanayin haɗin ya sauya, ana ƙara lambar Events a tambarin duk fayafan da ke ciki a lokacin. Kamar katin adashi ne: duk ranar zubi mai karɓa ya ja layi a katin wanda ya zo. Katin da layinsa ya tsaya tun tuni, mai shi ya daɗe da daina zuwa. Faifan da lambarsa ta yi baya shi ne wanda ya fita da wuri, kuma `Update Time` zai gaya maka rana da sa'ar da ya fita. A dmesg za ka ga kanel, wato zuciyar Linux, ya rubuta "kicking non-fresh sdd1 from array".

Ga misali na RAID5 mai fayafai uku. A ce sdb1 yana da Events 48214, lokacinsa yau da ƙarfe 2:32 na rana, `Array State` ɗinsa `A..`. Shi kuma sdc1 yana da 48202, yau da 2:31, yana nuna `AA.`. Na uku, sdd1, yana da 31007, lokacinsa wata huɗu da suka wuce, yana nuna `AAA`.

Mai sabon hannu zai ga `AAA` ya ce ai wannan ne lafiyayye. Shi ne mafi tsufan labari. Ya fita tun lokacin da kowa ke nan, bai san abin da ya biyo baya ba. Labarin gaskiya shi ne sdd1 ya faɗi wata huɗu baya ba wanda ya lura, sabar ta yi ta tafiya da biyu, yau sdc1 ya yi tuntuɓe na minti ɗaya, RAID5 kuwa faifai ɗaya kawai yake iya rasawa. Don haka sdb1 da sdc1 su ne bayananka. Shi sdd1 a ajiye shi gefe, kada ya shiga cikin harhaɗawar ko kaɗan. In ya shiga, za a cuɗa bayanan wata huɗu baya da na yau, fayilolin su buɗe a lalace.

RAID1 yana rayuwa muddin faifai ɗaya na nan. RAID6 yana jure rasa biyu. RAID0 ba ya jure ko ɗaya.

Yaushe ya halatta in sa --force?

Bi mataki-mataki. Da farko ka sauke haɗin da ya maƙale:

`mdadm --stop /dev/md0`

Sai ka gwada ba tare da tilas ba, kana kiran fayafan da sunansu:

`mdadm --assemble --readonly /dev/md0 /dev/sdb1 /dev/sdc1`

In fayafan sun isa a tashi amma ɗaya babu, zai tattara su ya ƙi tayarwa. Ƙara `--run` ka ba shi izinin tafiya a haka. In ya ce "not enough to start the array", to nan ne maganar `--force` ta taso. Abin da yake yi shi ne ya ɗaga lambar Events ta faifan da ya ɗan yi baya ta kamo na gaba. Rubutu ne a tambari, ƙarami, amma rubutu ne, shi ya sa na ce ka ɗauki hoton `--examine` tun farko.

Ni ina sa shi idan abu uku sun cika: tazarar Events kaɗan ce, tazarar lokaci daƙiƙoƙi ce ko 'yan mintuna, kuma SMART, rahoton lafiyar faifai da `smartctl` ke nunawa, bai nuna faifan yana mutuwa ba. In na ukun bai cika ba, kwafi ne farko.

Akwai wani saƙo da ɗaukewar wuta ke yawan haifarwa a RAID5 da RAID6: "cannot start dirty degraded array". Wato wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, ga shi kuma faifai ɗaya babu, don haka ba yadda za a tabbatar lissafin kariyar wuraren da ake rubutawa, wanda da shi ake dawo da bayanan faifan da ya ɓata, daidai yake. `--force` zai tayar da shi, sai dai ka sani fayilolin da ake kan ajiyewa a daidai lokacin suna iya samun tabo. Ka tambayi masu wurin aikin da suke yi sa'ad da wutar ta tafi, ka fara duba waɗannan.

Wani ya ce in sake --create da --assume-clean, wai nan take zai dawo. In yi?

Kada ka yi, ƙanena. Ina roƙonka.

`--create` yana goge tsohon tambari ya rubuta sabo. Duk abin da ke gaya mana jerin fayafai, girman yanka, da inda bayanai suka fara, a tambarin yake. Kafin sabon ya dace da tsohon sai komai ya zo daidai: jerin fayafai, tsarin tambari, girman yanka, salon jeri, da `Data Offset`. Waɗannan kuwa sun sha canzawa. Tsofaffin mdadm suna yanka kilobayit 64, na baya-bayan nan 512. Tsarin 0.90 a ƙarshen faifai yake ajiye tambari, 1.2 a farko. `Data Offset` ma ya bambanta daga fitowa zuwa fitowa. Sabar da aka haɗa shekara takwas baya, ka sake ƙirƙirar haɗinta da mdadm na filashin yau, da wuya su faɗa wuri ɗaya. In kuma aka manta `--assume-clean`, nan take zai fara sake lissafin kariya a kan jerin da ba daidai ba, yana taka bayanai yana wucewa.

Gaskiya ne ƙwararru suna amfani da shi idan tambari ya riga ya goge. Amma a kan kwafi suke yi, ko a kan shimfiɗar gwaji da ake yi da dmsetup, inda duk rubutu ke sauka a wani fayil dabam, faifan asali ba a taɓa shi ba. A can ana iya gwada jeri goma a zubar. In ba ka iya shimfiɗa wannan ba, aikin ya kai inda za ka kira wanda ya iya, kuma ba abin kunya ba ne.

Nawa ya haɗu, amma md127 ya zama maimakon md0.

Wannan mai sauƙi ne, fayafanka lafiya lau. Idan mdadm ya ga haɗin da ba a ambata a fayil ɗin saitinsa ba, ko sunan kwamfutar da ke tambarin bai dace da na yanzu ba, sai ya ba shi lamba daga 127 yana saukowa. Fayil ɗin yana `/etc/mdadm/mdadm.conf` a Debian da Ubuntu, a dangin Red Hat kuma `/etc/mdadm.conf`.

Ba da `mdadm --detail --scan`, ka kwafi layin ARRAY da ya fito zuwa cikin fayil ɗin, ka gyara sunan ya koma `/dev/md0`, ka goge tsohon layi in akwai, don layi biyu na haɗi ɗaya rikici ne. In ka ga layin DEVICE da aka lissafa sdb1 da sdc1 da hannu, cire shi. Ranar da haruffa suka juya shi zai hana a ga faifan.

Sai matakin da aka fi mantawa. Akwai kwafin wannan fayil a cikin initramfs, ƙaramin tsarin da ke fara tashi kafin babban. In ba ka sabunta shi ba, gyaranka bai isa inda ake bukatarsa ba:

`update-initramfs -u -k all`

A dangin Red Hat `dracut -f` ne.

Haɗin yana aiki in na harhaɗa da hannu, amma kullum tashi sai emergency mode.

Duba `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke lissafa wuraren ajiyar da za a ɗora lokacin tashi. In `/dev/md0` aka rubuta, sauya shi da UUID, wato lambar shaida da ba ta canzawa. A kula, UUID iri biyu ne: na haɗin, wanda mdadm ke nunawa, da na tsarin fayil da ke kansa, wanda `blkid /dev/md0` ke bayarwa. Na biyun ake sa wa a fstab. In haɗin na ajiyar bayanai ne kawai, ƙara `nofail` a layin, don ko ya ƙi zuwa sabar ta tashi ka iya shiga daga nesa. In fayil ɗin ya ƙi gyaruwa a emergency mode, `mount -o remount,rw /` tukuna. In akwai LVM, tsarin raba wurin ajiya kashi-kashi, a saman haɗin, `vgchange -ay` ne zai fito da shi.

Faifai ɗaya ko a lsblk bai fito ba. Ya mutu ke nan?

Ba lallai ba. Kashe sabar, zare ta daga soket, buɗe murfin, ka duba da idonka. A Accra abu biyu ke cin bakin waya: ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da danshin teku mai gishiri sauran shekara. Sau da yawa zan zaro wayar SATA in ga ƙura ta dunƙule a bakinta kamar auduga mai toka, ƙarfen ciki ya dusashe, robar ta saki har tana rawa in an taɓa. Sabuwar waya mai maƙalli, a wani ramin madabod, ta kan dawo da faifan da aka riga aka yi wa ta'aziyya. Lamba 199 a SMART, `UDMA_CRC_Error_Count`, ita ke tona asirin waya: in tana hawa, hanyar ce ke da laifi. A dmesg kuma za ka ga "hard resetting link" ko "SATA link down".

Sai akwatin wuta. Babban faifai mai inci 3.5 yana iya jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin da yake fara juyawa. Huɗu su ja tare a kan akwatin da ya tsufa, ga wutar janareta da ba ta gama daidaita ba, sai ɗaya ya makara ko ya ƙi tashi. Alamarsa ita ce matsalar tana zuwa in an kunna daga sanyi, in aka sake tayarwa kuma komai ya fito. `rootdelay=30` a layin kanel yana ba masu nawa lokaci, amma maganin gaske sabon akwatin wuta ne mai kyau.

Kada a manta ƙaramin batirin madabod, CR2032. In ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai BIOS ya koma saitin masana'anta: agogo ya koma baya, jerin tashi ya juya, wani lokaci yanayin SATA ya bar AHCI.

Sa kunne kuma. Faifan da ke ƙas, ƙas, ƙas yana tsayawa yana sake juyawa, kashe shi nan take. Kowane kunnawa ƙara masa rauni yake.

SMART ya nuna lambobi da yawa. Wanne zan duba?

Lamba 5, 197 da 198. Ta 5 sektocin da faifan ya riga ya sauya wa wuri ne, 197 waɗanda ya kasa karantawa yake jira, 198 waɗanda suka gagara. In 197 ko 198 ta wuce sifili a faifan da kake bukata don ceto, kada ka ɗora masa nauyin sake gini. Samo faifai mai girmansa ko fiye, ka kwafe shi da ddrescue, wanda a Debian da Ubuntu sunan kunshinsa gddrescue:

`ddrescue -f /dev/sdc /dev/sde taswira.map`

Na farko shi ne mara lafiya, na biyu sabon. Duba SERIAL sau biyu kafin ka danna, don in ka juya su babu gyara. Fayil ɗin taswira yana sa a ci gaba daga inda aka tsaya in wuta ta sake tafiya, don haka a ajiye shi a filashi. Bayan an gama, cire tsohon gaba ɗaya. Tambarinsu ɗaya ne, in suna tare mdadm zai rikice.

Akwai kuma faifan da lafiyarsa ƙalau amma ake ta korarsa. Faifan tebur na gida in ya ci karo da sekta mai wuya yana iya shafe fiye da minti yana fama, kanel kuwa daƙiƙa 30 yake jira. Gwada `smartctl -l scterc /dev/sdb`. In faifan ya yarda, `smartctl -l scterc,70,70 /dev/sdb` zai sa ya haƙura a daƙiƙa 7. In bai yarda ba, ɗaga `/sys/block/sdb/device/timeout` zuwa 180. Dukansu sukan koma yadda suke bayan an kashe, sai an sa su cikin abin da ke gudana a kowane tashi.

Ya ce "no recogniseable superblock".

Fara tabbatarwa ba faifan gaba ɗaya ka nuna masa ba alhali a yanki aka yi haɗin, wato sdb maimakon sdb1, ko akasin haka. In da gaske tambarin ya tafi, tambayi abin da aka yi da faifan. Sau da yawa wani ya zare shi ya sa a akwatin USB ya soka a laftof mai Windows don ya "duba", Windows ya nemi a shirya faifan, aka danna to. Haka kuma haɗin da aka yi a kan faifai ɗungurungum ba yanki: in akwai ragowar tsohuwar taswirar GPT a ƙarshensa, wasu madabod suna "gyara" ta farkon da kansu, ita kuwa tana shimfiɗa ne a sekta 1 zuwa 33, daidai kan tambarin 1.2 da ke sekta 8. Bayanan suna nan a ƙasa. Hoton `--examine` na sauran fayafan shi ne zai taimaki wanda zai yi aikin a kan shimfiɗar gwaji.

"Device or resource busy" fa?

Wani haɗi da bai tashi ba yana riƙe da faifan, galibi md127. Duba mdstat, ka yi masa `--stop`, ka sake.

RAID1 ne, kowane faifai yana cewa shi ne daidai.

Yakan faru in sabar ta tashi da faifai ɗaya yau, gobe ta tashi da ɗayan, kowanne aka yi rubutu a kansa. Kada ka bar su su daidaita kansu, don ɗaya zai shafe ɗaya. Tayar da kowanne shi kaɗai, karatu kawai: `mdadm --assemble --readonly --run /dev/md9 /dev/sdb1`. Duba fayilolin, kwashe abin da babu a ɗayan, sauke shi, ka duba na biyun. Mai wurin ne zai faɗi wanda ya fi cika, don shi ya san rasit ɗin jiya da hotunan bikin shekaranjiya.

Alhamdu lillahi ya haɗu. In saki mutane su ci gaba da aiki?

Tukuna. Gwada tsarin fayil ba tare da gyara ba, `fsck -n /dev/md0` in ext4 ne. Ɗora shi karatu kawai: `mount -o ro,noload` ga ext4, `mount -o ro,norecovery` ga XFS. Buɗe manyan fayiloli, bidiyo ko hoto mai nauyi, ka gani ko suna buɗewa har ƙarshe. Ƙaramin fayil yana iya zama a yanka ɗaya ya fito lafiya ko da jerin ya karkace. Sai ka kwashe duk abin da ke da muhimmanci zuwa wani faifai na waje. Bayan nan ne ake maganar sake gini, domin sake gini yana karanta kowace sekta ta fayafan da suka rage, kuma a nan ne raunin da ya ɓuya yake fitowa.

In faifan da ya fita lafiyayye ne kuma haɗin na da bitmap, ɗan rajistar wuraren da aka rubuta bayan fitarsa, `--re-add` zai cike abin da ya wuce shi kawai, cikin ɗan lokaci. In sabo ne, yanka shi daidai da 'yan'uwansa, sannan `mdadm /dev/md0 --add /dev/sde1`. In daga haɗin ake tashi, sa GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, a sabon faifan ma, in ba haka ba ranar da na farko ya mutu bayanai na nan amma babu mai tayar da su. Kada a fara sake gini sai da UPS, akwatin batir mai riƙe wuta, mai rai ko janareta a kusa.

Malam, ni ba ma'aikaciyar kwamfuta ba ce, makaranta nake riƙe da ita. Me zan saya don kada a sake?

Hajiya, abu na farko batirin UPS. Tun matsalar ɗaukewar wuta ta 2015 da ake kira dumsor, lokacin da ake awa 24 babu wuta a kawo ta awa 12, kusan kowane ofis ya sayi UPS, amma batirin ciki ba ya daɗewa, zafin ɗaki kuma yana rage masa kwana. Ki sa a zare filogi daga bango da rana ana kallo, bayan an ajiye duk aiki, a ga minti nawa zai riƙe. Ki kuma sa a haɗa shi da sabar ta wayar USB, da manhaja irin NUT ko apcupsd, don sabar ta kashe kanta cikin natsuwa kafin batir ya ƙare.

Na biyu, faifai na waje da ake kwafe bayanai a kai, a ajiye shi a wani gini dabam. RAID yana kare ki daga mutuwar faifai ne kawai. Abin da aka goge bisa kuskure, ko tsawa, ko ambaliya irin wadda ake fama da ita a damina, ko ɓarawo, duk fayafan suke shafa lokaci guda.

In za a sayo faifai a kasuwar kayan lantarki ta Circle a Accra, musamman na hannu, a duba SMART a gaban mai sayarwa. Lamba 9 tana nuna awannin da ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, sai ki yi lissafi. A tambaya kuma ko CMR ne ko SMR, salon rubutu iri biyu ne a faifai, don SMR yana wahala ƙwarai wajen sake gini. Tsohon faifan da aka cire kuma kada a bayar ko a sayar haka nan. Sunayen yara da lambobin iyayensu na ciki, amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.

Akwatin NAS ne da ni, ba saba ba. Wannan ya shafe ni?

Ya shafa. Akwatunan ajiyar bayanai na Synology da yawancin na QNAP mdadm suke amfani da shi a ƙasa, yawanci da LVM a samansa. In akwatin ne ya ƙone, sau da yawa ana iya karanta fayafan a kwamfutar Linux. Ka lamba su bisa ramukansu kafin ka zare, kuma kada ka yarda da duk wani tayin shirya faifai ko sake girkawa.

Yaya zan san faifai ya fita tun kafin na biyu ya bi shi?

mdadm yana da mai gadi, sai dai sau da yawa ba a gaya masa wanda zai kira ba. Sa layin `MAILADDR` da adireshin imel ɗin da ake buɗewa kullum a mdadm.conf, ka tabbata sabar tana iya fitar da saƙo, sannan ka gwada:

`mdadm --monitor --scan --test --oneshot`

In saƙon gwaji bai iso wayarka ba, ba a gama ba. Inda intanet ba ta tsayawa, layin `PROGRAM` yana iya kiran ɗan rubutun da zai yi ƙara ko ya nuna gargaɗi a allon mai karɓar kuɗi. Debian tana zuwa da binciken haɗi na wata-wata, ranar Lahadin farko. Sabar da ake kashewa ran Asabar da yamma tana iya tsallake shi, don haka a mayar da shi ranar aiki, ko a ba da `echo check > /sys/block/md0/md/sync_action` da hannu. Wanda ke buɗe shago da safe kuma a koya masa `cat /proc/mdstat`, a nuna masa bambancin `[UU]` da `[U_]`, a rubuta masa lambar wanda zai kira a jikin sabar.